Ai-ai Ɗin da Ka Ba Ni, Baba Famau

Daga Allah muke, kuma komawa gare Shi babu makawa. Ranar Talata, 9 ga watan Yuli, masunta suka tsinci kwale-kwalenka yana yawo shi kaɗai a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Mombasa, kana kwance a ciki, rai ya yi halinsa. Kyaftin Famau Shekuwe, ni ne Kombo, mataimakinka na shekara goma sha tara. Na zauna in yabe ka, amma fushi nake da kai, kuma ba zan ɓoye ba.

Alherinka ba ya ƙirguwa. Lokacin da matata ta kwanta a asibiti, kai ka riƙa haɗa aikina da naka tsakanin Mombasa da tsibirin Pemba har wata biyu, ba ka taɓa gorantawa ba. Duk wanda ya hau jirginka da yunwa sai ya sha gahawa da alewa kafin ka tambayi sunansa.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi, kalmar nan da ka ɗauko daga jiragen Turawa: ai-ai. Ka koya mana cewa "ai" guda ɗaya "eh" ce kawai, kowa na iya faɗa. In aka ninka ta kuwa ta zama alkawari: na ji, na gane, zan aikata. Na ƙasa ke faɗa wa na sama, kuma dole ya maimaita umarnin da bakinsa. In aka ce saki igiyar baya, sai ya ce, "Saki igiyar baya, ai-ai." Wanda ya manta, sai ka daka masa tsawa: "Kai, kan kwakwa! Ai-ai ɗin me? Na auren kakarka?"

Da likita ya ce zuciyarka ta gaji, ka tara mu a kan jirgi, ka ɗora hannuna a kan sitiyari, ka ce, "Daga yau Kombo ne kyaftin. Har ni."

Na yarda da kai. Shi ya sa ranar Litinin na same ka a gida na ce, "Baba, iskar kudu ta taso. Ba kai ba teku. Gobe da hantsi zan kai ka asibiti." Ka miƙe, ka ƙame, ka sara mini, ka ce, "Ai-ai, Kyaftin!" Ban taɓa jin ta daga bakinka zuwa gare ni ba. Daɗi ya rufe ni, na tafi gida ina ba matata labari.

Washegari na zo da mota, na tarar ka fita kamun kifi tun bayan sallar asuba.

Ka ci amanata, Baba. Da kalmar da ka ce ɗan jirgi ba ya ƙarya da ita ka yaudare ni. Haka na faɗa wa matarka, Inna Mwanaidi, bayan an dawo daga maƙabarta. Ta dube ni ta ce, "Kombo, ɗana, ya maimaita maka?"



Ba ka maimaita ba. Ka san abin da kake yi sarai. Ka kuma san abin da ka sha gaya mini, cewa aikin mai ba da umarni ne ya tsaya sai ya ji an maimaita. Ka san yabo zai toshe mini kunne, kuma ya toshe. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Da liman ya roƙi jama'a su yafe maka, na ji kowa ya amsa, ni bakina ya ƙi buɗewa. Yau kwana bakwai, zan faɗa yadda ka koya mini, ba a gutsure ba: an ce a yafe wa Famau Shekuwe. Na yafe wa Famau Shekuwe. Ai-ai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce tasharka ta ƙarshe. Inna Mwanaidi, da 'ya'yanki Lali da Somoe, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku ma ku yafe mini, domin ni ne kyaftin ranar.