Hayaƙin Gonar Babanmu

A bazarar shekarar da aka samu mulkin kai, ranar wata Laraba, kwana takwas da rasuwar mahaifinmu, kakanmu Malam Ummaru ya tashe mu bayan sallar asuba ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Shekarata goma a lokacin. Ko tabarmin zaman makoki ba a gama naɗewa daga ƙofar gida ba. Na tsaya ina kallonsa yana fama da hawan jakin nan, ƙafarsa ta dama a kumbure, kurkunu ya fito masa a idon sawu, an naɗe kansa a ɗan tsinke an ɗaure da tsumma. Wata biyu ke nan ko masallaci sai an riƙe shi. Inna, mahaifiyarmu, tana cikin takaba, ta matso jikin zana tana roƙonsa ya bari ya ji sauƙi. Shi kuwa sai ya miƙo mini kasko cike da garwashi, ya ba ƙannena Sani da Buba manjagara da adda, muka kama hanyar gona.

Mu ba 'ya'yan gona ba ne. A Tambuwal aka haife mu, inda babanmu yake koyarwa a makarantar elimantare. Abin da na iya shi ne wanke allo, da ɗebo ruwa, da taya Inna surfe, sai 'yar carafke a gindin dogon yaro, wadda ban yarda akwai yarinyar da ta fi ni ba. Hutu muka zo Kebbe zazzaɓi ya kwantar da Baba, cikin kwana biyar sai gawa. Abin da ya bar mana shi ne gona guda a gabas da gari, wadda yakan zo ya noma da damina, kuma da ita za mu ci ko mu rasa.

A wancan zamani, gonar da ruwan shuka ya kusa ba a ga an share ta ba, mai buƙata yakan je wurin mai gari ya nemi aronta. Aron gona kuwa shigarsa ke da sauƙi. Baba Alu, ɗan ƙanen kakanmu, gonarsa tana iyaka da tamu, ga shi da 'ya'ya maza shida. A wurin makoki aka ji shi yana cewa bai kamata gonar marayu ta koma daji ba, kuma da safiyar Laraba zai je ya ga mai gari. Ba mugu ba ne, bakuna ne suka yi masa yawa. Amma ni a ranar na tsane shi har cikin raina.

A hanya na yi ta ƙunƙuni, ga kasko yana gasa mini hannu. Malam ya ce wannan amarya tasa ba ta da amfani, ko wuta ba ta iya ɗauka ba, sakinta zai yi. Na ce ai ni ma ba na son miji mai ƙafa ɗaya. Ya yi dariya, sannan ya ba mu labarin abin da ya faru bayan yaƙin Uhudu. Ya ce Musulmi sun koma Madina da raunuka da zafin rashin 'yan'uwa, abokan gaba kuma suna hanya suna shawarar su juyo su ƙarasa su. Washegari Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira waɗanda suka yi yaƙin jiya, da miki da komai, suka bi sawu har Hamra'ul Asad, suka sauka suka hura wuta a wurare da yawa. Da labari ya isa ga abokan gaba, sai suka ci gaba da tafiyarsu Makka, ba a zare takobi ba. Sani ya tambaya ko yaƙi za mu yi da Baba Alu. Malam ya ce a'a, shara za mu ƙona.

Da muka isa, ya hana mu tara sharar wuri ɗaya yadda kowa yake yi. Ya sa muka yi ƙananan tsibi-tsibi na kara da tushiya tun daga gindin gawo har bakin iyaka, kowanne muka ɗora masa ɗanyen ganyen sabara don ya yi hayaƙi. Ni ce mai bin su da garwashi, ina gudu ina hurawa, idanuna suna ruwa, ƙaya tana cin ƙafata. Shi kuwa yana kan jaki yana nuni da sanda, tsumman ƙafarsa ya jiƙe da jini. Kafin hantsi gonar ta turnuƙe, wanda ya hango daga gari zai rantse gayya aka yi.

Daga baya muka ji cewa Baba Alu ya fito da babbar rigarsa, ya tsaya ya dubi gabas, ya koma gida ya tuɓe. Ya ɗauka dangin Inna ne suka zo daga Tambuwal. Da azahar sai ga 'yarsa da ƙatuwar ƙwaryar fura, wai a ba ma'aikata, furar da za ta ƙosar da mutum ashirin. Ta tarar da tsoho da yara uku, duk mun yi baƙi ƙirin. Malam ya dubi ƙwaryar ya yi ta dariya, har dariyar ta koma hawaye. Ranar ce kaɗai na ga ya yi kukan ɗansa.

Na ce masa yanzu asirinmu ya tonu, gara ya je wurin mai gari ya kunyata Baba Alu. Ya share ido da hannun riga ya ce, "Dije, in ya roƙa anka ba shi, mun rasa gona. In ya roƙa anka hana shi, mun rasa Alu. Ni so nika kar shi roƙa." Kwana uku muna fita. Baba Alu ya san ko mu nawa ne, amma ya ga gona tana da masu ita, bai taɓa ta da maganar ba har ya bar duniya.

Ƙafar Malam ba ta warke ba, kuma bai sake taka gonar ba. Ya ci tuwon geron wannan shekara, kafin wata damina ya bi ɗansa. Yau jikokin Sani ke nomanta, a kan babur suke zuwa. Ina ganin yadda 'yan'uwa suke kai juna gaban alƙali a kan taku uku na iyaka, su shekara ba gaisuwa, sai kewar tsohon nan ta kama ni. Jikokin Baba Alu kuwa su ke raba goro a sunanmu, mu ke wanke musu tukwane a bikinsu, babu wanda ya san an kusa ɓatawa. Faɗan da ba a yi ba, ni kaɗai na rage mai tuna shi.