Yadda Rai Ɗaya Ya Sake Kashe Dodo

A layin teloli babu mai kiransa da sunan yanka. Rai Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana ba da labari guda: wai yana ɗan shekara bakwai ya gama wani gem na kaset mai mataki ashirin da huɗu, ya kashe dodon ƙarshe bai mutu ko sau ɗaya ba. Duk wanda ya zo awon riga sai ya sha labarin, daga kafaɗa har tsawon hannu. 'Ya'yansa mata biyu sun haddace shi tsaf.

Ranar da babbar ta ce masa yanzu akwai 'yar kwamfuta da ake jona wa talabijin ta kawo gem ɗin da, ya saya ya nuna musu su gani da ido, ko ɗar bai ji ba. Ya zare tef daga wuya ya auna gurbin da ke ƙarƙashin talabijin, inci shida da huɗu, ya nufi kasuwa.

Mai shagon ya jera masa guda biyar a kan kanta. Rai Ɗaya ya auna kowace, ya jinjina ta a tafin hannu, ya kara kunne kamar likita, ya ƙirga ramukan jona waya. Ya ɗauki wata mai girman sabulun wanka.

A gida, ɗan mutumin cikin gem ɗin da ke tsalle a talabijin ya faɗa rami na uku sau goma sha ɗaya. Rai Ɗaya ya ce laifin na'ura ne, sai ka latsa ta yi tunani tukuna. Ya mayar. Ta biyu kuma fankarta ce ke raba masa hankali. Ta uku zafi take yi. Mai shagon ya ce wannan gem ko agogon hannu zai iya ɗauka, ya ba shi ta huɗu, wadda ke karɓar hannun gem, wato abin latsawa, guda biyu marasa waya, ya ce daga ita babu canji.

Autarsa kuwa tana rubuta kowace mutuwa a bayan littafin lissafinta. Da aka kai sittin da uku ta ce in Asabar ta wuce dodo na raye, za ta kai takardar layin teloli a sake masa suna.

Shaida ɗaya gare shi a duniya: yayarsa, wadda take zaune a gefensa ranar da abin ya faru. Ya same ta a gida tana shanya, ya roƙe ta ta zo ta faɗa wa yaran gaskiya. Ta yi dariya har sai da ta riƙe igiyar shanya.

"Gaskiyar kake so, ƙanena? Hannun da na ba ka ran nan ba a jone yake ba. Kuka ka dame ni da shi, na miƙa maka, ni na yi wasan."

Ya zauna a kan bokiti. Shekara talatin da huɗu.

"Yaya, ki rufa min asiri."

Ta tambaye shi ko sabuwar tana karɓar hannu biyu, kuma babu waya. Ya ce eh. Ta ce to, wannan karon ya iya zaɓe.

Ranar Asabar da hantsi yayar ta zo gidansa ta zauna a kujerar baya, jakarta a cinya, hannayenta biyu a ciki, wai tana neman maganin ciwon kai. Rai Ɗaya ya zauna a gaba yana latsa hannun da aka cire wa batir, yana karkata jiki, yana cije leɓe. Rami na uku ya wuce. Mataki na goma, na ashirin. Cikin minti hamsin da biyu aka iso gaban dodo. Daɗi ya kwashe shi, ya saki abin latsawar ya ɗaga hannu biyu sama, alhali saura duka ɗaya. Ɗan mutumin ya yi tsalle shi kaɗai ya ƙarasa aikin.

Babbar tana ta tafi, ba ta lura ba. Auta ta dubi hannayen babanta, ta waiwaya ta dubi jakar Gwaggo, sannan ta yage takardar a hankali, ta ninke ta huɗu ta sa a aljihu.

Ranar Litinin ya tarar da yadi biyar a kan kekensa, uku na Auta, biyu na yayarsa, an ɗora su a saman ɗinkin mutum goma sha ɗaya da ke jira. Su ya fara yankawa.

Har yau Rai Ɗaya ake ce masa. Sai dai in mai awo ya nemi labarin, yakan ce masa ya tsaya daidai, tef na zamewa.