Wuƙar Auren Mangwaro

A shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo aka turo ni Kankia a matsayin malamin gona. Ban daɗe da gama makarantar koyon aikin gona ba, ina ji da ƙuruciya, ga sabon babur da ofis suka ba ni don in riƙa zagaya ƙauyuka. Yankin da aka yanka mani ya haɗa da Kusada da garuruwan da ke kewaye da ita. Cikin duk abin da aka koya mana a makaranta babu wanda ya shiga raina kamar auren bishiya, wato a yanko ɗan reshe daga mangwaro mai kyawun iri, a dasa shi a jikin ƙaramin mangwaron gida mai zare, a ɗaure, su haɗe su zama bishiya ɗaya. Har lokacin ban taɓa yi a gonar kowa ba sai a lambun makaranta, kuma na ƙosa in yi.

A Mawashi na sami wanda zai ba ni dama. Wani dattijo ne mai lambu a bakin fadama, dogo, mai yawan dariya, wanda ya shuka ƙwallayen mangwaro a layi shekara biyu da suka wuce, suka fito suka yi kaurin babban yatsa. Da na yi masa bayanin aure ya saurare ni har na gama, sannan ya ce shi dai ya san auren mutane da na tantabaru, amma idan ice ma yana yi, to ga 'yan matan nan a layi, in kawo angwaye. Tun daga ranar kullum muka haɗu sai ya tambaye ni labarin angwaye.

Farkon damina suka iso. Direban motar ofishinmu ya kawo mani su daga gandun gwamnati, rassa arba'in masu tsawon ɗan ali, an naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya ce wanda ya yanko su ya ce kada su wuce kwana uku, in sun wuce sun bushe. Ban ko tsaya karyawa ba, na ɗaure buhun a bayan babur, na zuba leda da zaren rama a jaka, na taɓa aljihu na ji wuƙata na nan, na kama hanya. Ina tafe ina waƙa, ƙasa ta sha ruwa, ko'ina manoma sun duƙa suna shuka gero da gyaɗa.

Wuƙar nan 'yar ƙarama ce mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho, tun ina makaranta nake da ita. Da ita nake fiƙe fensir, da ita nake yanka rake da igiya, har gwangwanin madara na sha ɓarkewa da ita. Na san ruwanta ya ɗan fara motsi a inda ƙusa ta riƙe shi, amma ban ɗauki abin da muhimmanci ba, tunda tana yanka duk abin da na sa ta.

Ashe dattijon ya baza labari. Na tarar da mutane sun fi ashirin a lambun, wasu da fartanya a kafaɗa, har da wasu Fulani biyu da suka bar shanunsu a gefen fadama suka matso. Na tsuguna gaban bishiyar farko, na yi bisimilla, na yi dogon bayani da murya irin ta malamai. Na ce sirrin aikin duk yana ga yanka: dole ya zama shara ɗaya, sumul, yadda fuskar reshen da ta uwar, wato bishiyar da za a dasa shi a jikinta, za su manne ba tare da iska ta sami wurin shiga ba. Sannan na ɗora wuƙa na ja.

Ruwan wuƙar ya karkace ya bi gefe. Maimakon shara ɗaya sai ya yi tudu da kwari, ɓawon ya yage. Na ce wannan gwaji ne, na ɗauki reshe na biyu, na danne bayan wuƙar da babban yatsa. Ta tafi daidai har tsakiya, sai ta yi girgiɗi ta tsaga shi biyu. A na uku ta nemi naɗewa a kan yatsana, Allah ya kiyaye na janye da sauri. Sai wani daga baya ya tambaya a hankali ko haka ake auren.

Dattijon ya miƙo hannu na ba shi wuƙar. Ya kama bakin da yatsu biyu ya jijjiga, tana ƙwas-ƙwas kowa na ji.

"Malam, hannunka lafiya lau yake," in ji shi. "Wagga wuƙa ce haƙorinta ke girgiɗa. Rufe angwayenka kada su sha iska, mu tafi maƙera."

Maganar nan ta wanke ni a gaban jama'a, kuma har yau ina gode masa. Muka yayyafa wa buhun ruwa, muka sa shi cikin wata tsohuwar tukunya a inuwa, ya hau bayan babur muka nufi Kusada. Wannan ne hawansa babur na farko. Ya riƙe ni tamau, duk ramin da muka faɗa sai ya yi salati ya fashe da dariya.

Maƙerin da muka je wurinsa abokinsa ne tun yarinta, ya manyanta amma idonsa garau. Ya ajiye garmar da yake gyara, ya juya wuƙar a tafin hannu, ya ce ƙusar ce ta saki. Ya ɗora ta kan uwar maƙera ya ɗan bubbuga kan ƙusar. Ta kama, har na fara murna, amma da na buɗe na rufe sau biyar sai motsin ya dawo. Ya fitar da tsohuwar ƙusar gaba ɗaya, ya yanko sabuwa ya zura, ya daddale kanta. Wannan karon ta matse har sai da awartaki aka buɗe ta, kuma ƙahon ya yi 'yar tsaga. Ya sake warwarewa, ya ɗaga ruwan wuƙar sama ya nuna mani ramin da ƙusa ke shiga. Ramin ya cinye, ya koma kamar ƙwayar wake maimakon zagaye. Ya ce ko wace ƙusa aka sa, ko dai ta matse ta ƙi buɗuwa ko ta yi sako-sako, babu tsakiya. Ya tambaye ni me nake yi da ita haka, na ambaci gwangwanin madara, shi da dattijon suka dube ni suka dubi juna.

Ya ce zai iya ƙera mani wuƙa siririya mai kube, amma sai jibi, don yana da garemanin mutane a gabansa kuma shuka ba ta jira. Na lissafa kwanakin rassan tun daga ranar da aka yanko su, na ga jibi ta yi nisa. Nan dattijon ya tuna mana gobe kasuwar Kankia ke ci, ya kuma ce ƙafarsa ƙafata, don bai yarda in zaɓo wuƙa ni kaɗai ba.

Washegari tun da hantsi na je na ɗauko shi. Kasuwa ta cika maƙil, motocin Kano da na Katsina na sauke mutane a bakin titi, ga kaya iri-iri da ba mu saba gani ba sun fara shigowa a shekarun nan: rediyo, agogo, kwanukan samira, tocila kala-kala. Muka ratsa 'yan nono da 'yan hatsi muka isa rumfar wani ɗan kudu mai sayar da kwaɗo da ƙusa da kayan keke. Ya daɗe a garin, Hausarsa har da karin Katsinanci. Da ya ji abin da muke nema ya jawo wani kwali ya zazzage wuƙaƙe a kan tebur.

Idona ya faɗa kan wata ja mai walƙiya. Baki uku gare ta, da ɗan almakashi, da abin buɗe kwalba, da wani abu mai murɗe-murɗe da ban san amfaninsa ba. Na ɗauka ina buɗe wannan ina rufe wancan, zuciyata ta gama saye. Na riga na hango kaina ina fito da ita a gaban sauran ma'aikata. Dattijon ya karɓa, ya buɗe babban bakin, ya kai kusa da kunne ya jijjiga. Ya miƙo mani ya ce in saurara. Sabuwa fil, amma akwai ɗan motsi. Ya ce ƙusa ɗaya ce ke ɗauke da baki uku, yaushe za ta riƙe su duka da gaskiya.

Ta biyu doguwa ce mai ƙotar roba da hoton kifi a jiki. Ba ta motsi ko kaɗan, sai dai bakinta kauri gare shi, kuma da na gwada riƙon da nake wa reshe sai na ji ta cika mani hannu. Mai rumfar ya tambaye ni ainihin aikin da zan yi. Na tsinci wani ɗan kara a ƙasa na nuna masa yadda ake shara. Ya kalli hannuna da kyau, ya ce in dakata. Ya shiga cikin rumfar ya daɗe yana motsa kwalaye, ya fito da wata 'yar wuƙa a cikin takarda mai maiƙo.

Ba ta da kyan gani. Ƙotar katako ce mara fenti, baki ɗaya tal, siriri, miƙaƙƙe, ƙarfen ma baƙi-baƙi. Amma da na buɗe ta sai ta ce ƙas, ta tsaya cak. Akwai wani ƙarfe a bayanta da ke kulle bakin, ba ta naɗewa sai an danna shi. Dattijon ya jijjiga ta gefe da gefe, ya jijjiga sama da ƙasa, ya kai kunne, ya ɗaga ta saitin rana ya runtse ido ɗaya yana duba ko bakin ya karkace. Daga nan ya ƙi mayar da ita kan tebur.

"Zan gaya maka gaskiya, Malam," in ji mai rumfar. "Wannan tana tsatsa. In ka bar ta da ruwa kwana ɗaya za ta yi ja. Amma ƙarfen da ke tsatsa shi ke ɗaukar kaifi. Waccan ja ɗin ta ado ce, 'yan makaranta nake sayar wa."

Na sake duban jar, ban ɓoye ba raina na kanta. Har na ce ko in haɗa biyun. Dattijon ya ce aljihuna ne, amma shi angwayensa na cikin tukunya suna jira. Na ajiye ta, muka yi ciniki a kan mai ƙotar katako, mai rumfar ya ƙara mani da ɗan ƙyalle mai man keken ɗinki ya ce in riƙa goge ta.

Ba mu bar kasuwa ba sai da muka biya wurin wani wanzami da ke aski a gindin bishiyar bedi. Na roƙe shi ya wasa mani ita ta fuska ɗaya kawai, ɗaya fuskar a bar ta a shafe yadda aka koya mana. Ya yi mamaki amma ya yi, ya gama da dutse ya bi ta da fata. Na ɗora ta a damtsena na ja a hankali, gashi ya zubo. Dattijon ya ce to, a tashi.

Gudun da na yi a hanyar komawa ban taɓa yin irinsa ba, hular dattijon ta faɗi sau biyu muna tsayawa ɗauka. Mun isa lambun bayan azahar. Na buɗe tukunyar, na kankare ɓawon reshe ɗaya da farce, na ga cikinsa kore shar. Mutane ba su kai na jiya ba, amma da aka ji ƙarar babur sai aka fara ɓullowa daga gonaki.

Wannan karon ban yi wani jawabi ba. Na kama reshe, na ɗora wuƙa, na ja. Ta wuce kamar cikin sabulu, fuskar ta fito sumul tana sheƙi. Na share jikin uwar, na haɗa su suka zauna daidai, na naɗe da leda na ɗaure da rama. Na ji wani daɗi ya taso mani tun daga ciki. Na yi na biyu, na yi na biyar, na daina ƙirgawa. Dattijon na biye da ni yana miƙo rassa, kowace bishiya muka gama sai ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, jama'a su amsa da amin suna dariya. Muka tsaya muka yi la'asar a bakin rijiya muka koma. Da ya rage saura uku, ya goge hannu a riga ya ce in ba shi ya gwada. Na nuna masa yadda zai kafe gwiwar hannu a haƙarƙari ya ja daga kafaɗa. Na farko ya ɗan yi zurfi, na biyu kuwa ya fi nawa kyau, na kuma faɗa masa haka a gaban kowa.

Sati uku aka ce a jira, ni kuwa duk bayan kwana biyu ina Mawashi, ko da aikin da aka aike ni yana wajen Kunduru ne. In tsuguna in leƙa cikin leda, in ga ba abin da ya canja, in hau babur in koma. Wasu rassan suka yi baƙi tun a satin farko, na san sun tafi. Ran kwana na goma sha tara ina shiga lambun na hango dattijon tsaye a tsakiyar layi yana ɗaga mani hannu biyu. Na jingine babur ban ko kashe shi da kyau ba na ruga. A kan reshen da ke gabansa wasu 'yan ganye biyu jajaye sun tsago, ƙanana kamar kunnen ɓera, masu laushi da sheƙi. Muka bi layin muna dubawa ɗaya bayan ɗaya, muka sami ashirin da shida sun kama, har da biyu daga cikin ukun da ya yi da hannunsa. A gaban waɗannan biyun ya fi daɗewa.

Kafin in tafi mutum huɗu suka tare ni a bakin lambun, kowa na cewa yana da 'yan mangwaro a bayan gida. Na fito da littafina na rubuta unguwanninsu, na ce sai na aika gandu an yanko wasu rassan. Na sassauta ɗaurin waɗanda suka kama don kada rama ta shaƙe su, hadari na haɗowa daga gabas, na hau babur na yi sauri in kai Kankia kafin a rufe ofis, don takardar neman rassa ta bi motar gobe.