Igiya a Gefen Lambun Malam Hamisu

Malam Hamisu mutumin Ringim ne, amma Nassarawa GRA ce ta cinye ƙuruciyarsa. Ya shigo Kano da ƙarfinsa, ya yi aikin lambu a gidajen manya, daga wannan gida zuwa wancan, har furfura ta cika masa kai. Gidan ƙarshe da ya yi wa aiki, Alhajin ya koma Abuja da iyalinsa, ya bar masa ɗakin bakin ƙofa da wani fili da ba a gina ba a bayan katanga, ya ce ya riƙa duba masa. A kusurwar filin, wajen tsohuwar rijiya, ya yi fangalin latas da karas da alayyafo. Da su yake ci, da su yake aike gida.

Zaman GRA ya koya masa cewa fili ba ya tafiya sai an zo da igiya. Ya gani a lambun wani abokinsa a Giginyu, ya gani a Badawa. Wani mai fara'a zai zo ya gaishe ka, ya ja igiya, ya kafa turaku. Kafin ka ankara tifa ta juye yashi a kan kabejinka.

To, wata rana da la'asar yana ban ruwa, sai ga wani saurayi dogo, da takalmin kambas da usur a wuya, ya shigo filin ɗauke da igiya da ƙananan turaku. Ya durƙusa ya gaishe shi da kyau, ya ce sunansa Fabian, ɗan Kafanchan ne, karatun malamin motsa jiki yake yi a kwaleji. An turo shi koyarwar gwaji a ƙaramar makarantar kuɗin da ke maƙwabtaka, ita kuwa tsakar gidanta duk siminti ne, babu inda yara za su yi gudu. Mai makarantar, Madam Pamela, ta buga wa Alhaji waya, ya yarda a ari filin.

Malam Hamisu ya amsa gaisuwa, ya ci gaba da jan guga. Alhaji bai buga masa ba, wannan ɗaya. Na biyu, tun da yake bai taɓa jin an je kwaleji don a koyi tsalle-tsalle ba. Su a Ringim gudu da langa ba mai koya wa yaro, sai dai a hana shi. Idan kuma wasa ne, me ya kawo awo?

Fabian mai surutu ne. Yana awo yana ba shi labari, wai su ma a gida dariya ake yi masa, kawunsa na kiransa malamin guje-guje. Shi kansa da farko ya ɗauka ƙwallo za a yi ta bugawa, sai ya tarar da haddar sunayen ƙasusuwa, da abin da ake yi wa yaron da ya suma, da yadda ake sa yaro mai jin kunyar jikinsa ya shiga cikin 'yan'uwansa. Ya ce wannan na ƙarshen ya fi komai wuya. Tsohon yana ji yana gyaɗa kai, amma idonsa na kan igiyar, yana lura da inda ta tsaya daga bakin karas ɗinsa. A ransa ya ce duk wanda aka aiko dole a haɗa masa zance mai daɗi.

Da saurayin ya tafi, ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya ya tumɓuke. Bai ƙona su ba, shi ba ɓarawo ba ne, jingine su ya yi a bayan ɗakinsa. Washegari Fabian ya zo ya tsaya riƙe da ƙugu, ya zargi awaki, ya zargi yaran unguwa. Malam Hamisu ya ce Allah ya kyauta. Fabian ya sassaƙo wasu ya sake awo, suka sake ɓacewa.

Ranar da malaminsu na kwaleji zai zo duba shi, Fabian ya yi sammako don ya zuba farar ƙasa a kan layukan. Nan ya tarar da tsohon a tsakiyar fili, rungume da turakun da ya kafa jiya. Suka tsaya suna kallon juna.

"Baba, ashe kai ne awakin?"

"Wa ya aiko ka? Faɗa mini gaskiya, ɗan nan. Ba za ni yi faɗa da kai ba."

"Wallahi Baba, in na faɗi gwajin yau, sai na maimaita shekara. Ni da ko gadon da nake kwana a kai a Badawa ba nawa ba ne, ina ni ina sayen fili?"

"Ai masu igiya ba su ne ke saya ba."

Fabian ya miƙa masa bakin igiyar, ya ce to ya riƙe da kansa, duk inda ya tsaya nan ne iyaka. Malam Hamisu ya juya zancen a ransa, bai ga inda tarkon yake ba. Ya karɓa, ya je ya tsaya nesa da fangalinsa, ya dafe igiyar da ƙafa. Filin gudun ya fito gajere, amma ya fito.

Hantsi ya yi, aka fito da yara a jere, malamin kwaleji ya zauna a inuwa yana kallo. Wata yarinya mai jiki ta faɗi ta ƙi tashi, sauran suka fara dariya. Fabian ya hura usur, ya zauna a ƙasa kusa da ita kamar shi ma faɗuwar ya yi, ya duba gwiwarta, suka tashi tare suka ƙarasa layin a hankali. Tsohon ya ga wannan, ya yarda yaron malami ne.

Amma ya ga wani abu kuma. Madam Pamela ba yaran take kallo ba. Idonta ya wuce su, ya wuce karas, ya tsaya a katangar can ƙarshe. Da aka tashi ya ji tana cewa filin nan in aka share shi duka, har bikin wasanni za a yi. Fabian ya ce ai wannan ya ishi ƙananan yara. Ta yi dariya ta ce ya gama gwajinsa ya tafi, ita ce za ta zauna.

Ba a jima ba wayar Alhaji ta shigo. Bayan gaisuwa da tambayar gida, ya ce ya ba makaranta hayar filin gaba ɗaya, amma ya gaya musu kada a taɓa kusurwar rijiya sai Malam Hamisu ya cire abin da ya shuka. Malam Hamisu ya yi godiya, ya yi masa addu'a. Da yamma ya ɗauki kekensa ya nufi Kaura Goje wajen wani ɗan garinsu mai gona.

Da Fabian ya zo sallama, ya ci gwajinsa zai koma kwaleji, ya same shi yana binne itacen rogo tsakanin latas, layi bayan layi. Ya ba shi haƙuri, ya ce bai san abin zai kai haka ba. Tsohon ya ce ya sani. Fabian ya tambaya rogo wata nawa yake yi kafin a cire.

"Malam," in ji Malam Hamisu, "irin wannan ba ya son gaggawa. Miƙo mini wancan damin."