Ƙarfen da na rataya a aduwa

Mun sauka Gagarawa a shekarun da ake shimfiɗa layin dogo ta can, ni da Baba da Kaka, wato mahaifiyarsa. Baba akawu ne a wurin aikin. Mu Kirista ne daga ƙasar Zazzau, kuma ban daɗe da fitowa daga makarantar mishan ta 'yan mata ba. A duk sansanin ma'aikata, in ka cire mu uku, babu Kirista sai wani kafinta da matarsa. Mu biyar ke nan. Wurin sujadarmu rumfar kara ce a bayan gida, da tabarma biyu.

Ban so wurin ba. A makaranta akwai ƙararrawa da benci, a tashi tare a zauna tare, in aka ɗauki waƙa sai ka ji ta har cikin ƙirjinka. A can na saba jin Allah yana kusa. A rumfar nan kuwa kowa sai ya ga dama yake zuwa. Kaka takan wanke ƙafafunta da buta, ta tuɓe takalmi a waje, ta zauna ta sunkuyar da kai, ta yi ta shiru har in ƙosa. Lahadi huɗu na yi ina buɗe baki ina rufewa, addu'a ba ta fita. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Na ce mata, "Kaka, wannan ai ba sujada ba ce, zaman makoki ne."

Ta ce, "To malama, ke da kika yi boko, ina kika baro Allahn? A cikin benci?"

"Ko ƙararrawa ba mu da ita."

"Mu biyar? In kika yi tari ma duk mun ji."

Ban saurare ta ba. Ran Asabar na roƙi kafinta ya samo mini guntun ƙarfen dogo cikin waɗanda aka yar, na ɗaure shi da igiya a reshen aduwar da ke ƙofar gida. Ban gaya wa Baba ba, don na san zai ce a bari a yi shawara, ni kuwa na gaji da shawara. Da hantsin Lahadi na ɗauki guduma na buga shi da ƙarfina, sau goma ko fiye.

Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, da irin wannan ƙarfen ake kiran leburori aiki. Kullum ina jin sa, ban taɓa lura ba. Lahadi kaɗai ce ranar hutunsu, damina kuma ta kama, yawancinsu manoma ne daga ƙauyukan Gumel da Sule Tankarkar, har da na wajen Maigatari. Na kusa sukan yi sammako su je su duba gona su dawo. Kafin in ajiye guduma sai ga su suna fitowa daga bukkoki da diga da shebur. Waɗansu sun riga sun kama hanya suka juyo a guje, don wanda aka buga ƙarfe bai zo ba, sunansa zai iya fita daga takarda.

Helmansu, wato shugaban leburorin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zo ya tsaya ya dubi ƙarfen, ya dube ni, ya dubi Baba da ya fito da littafin addu'a a hannu.

Ya ce, "Malam akawu, ruwa ne ya cinye hanya?"

Baba ya ce, "A'a. 'Yata ce take kiran sujada."

"Ku nawa ne?"

"Biyar."

Helma ya waiwaya ya dubi taron da ke bayansa. Ya ce, "To ga mu mun zo. Da diga ake yin taku?" Waɗansu suka yi dariya. Wani mai tsohuwar taguwa bai yi ba. Ya ce, "Gerona na can ciyawa na ci, yanzu rana ta yi, ba zan kai ba sai wani makon." Ya saɓa digarsa ya koma.

Baba ya ba da haƙuri, ya kwance ƙarfen da hannunsa. Na nufi rumfa da niyyar in zauna a yi a gama. Kaka ta miƙe ƙafarta ta tare ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Sujada."

"Da me? Kin hana mutum gonarsa, sannan ki zo ki rufe ido? Je ki tukuna. Muna nan."

Na tafi. Na bi bukkokin ina tambaya har na sami mai taguwar a gindin wata bishiya yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na buga ƙarfen. Ban sani ba, amma da na tambaya da na sani. Ka yafe mini." Can ya ce Allah ya yafe mana duka, ya ci gaba da aikinsa. Geron dai bai samu noma ba a makon nan, haƙurina bai cire ciyawa ko ɗaya ba.

Da na dawo rana ta take. Suna zaune yadda na bar su, ba su fara ba. Matar kafinta tana fifita da gefen zane. Ƙafafuna sun yi futu-futu da ƙasa, na ɗauki butar Kaka na wanke, na tuɓe takalmi na shiga. Aka yi shirun nan da na tsana. Wannan karon ban ƙosa ba, don ina da abin faɗi. Na roƙi gafara a zuciyata, na roƙa wa mutumin gonarsa, na ce ga ni, ba ni da komai. Addu'ar ba ta fi haka ba. Amma na san ana ji na, kamar yadda na sani a makaranta, ko ma fiye.

Baba ya buɗe littafi. Muka yi waƙa ɗaya, kafinta yana jan ta ƙasa kamar kullum. Ƙarfen kuwa Kaka ta sa aka shigo mata da shi, ta riƙa danne bakin zana da shi saboda awaki.