Man shanun da nik kai Goronyo

Mun tashi da asuba daga Gandi, ni da ƙanen matata da jaki guda. Ɗiyata ta haihu Goronyo, haihuwar fari, uwatta kuwa ta rantse sai na kai ƙwarya cike da man shanu gidan surukai, kada a raina muna yarinya. Bafillatar da nis saya gare ta curi-curi ta jera shi har yay yi tozo. Tac ce in bar shi cikin nono. Nic ce nauyi, nit tsiyaye nonon, nir rufe da faifai, niɗ ɗaure.

Hanyar Rabah rairayi, jakin ga sai an roƙe shi. Munka kwana Wurno cikin ganuwa, don ana zancen mahara. Albasa can kamar kyauta, amma fura sai ka zube kuɗin wuri kamar mai biyan sadaki.

Washegari rana ta gasa mu. Kusa da Goronyo, bakin gulbi, nik kwance faifai in duba. Inna lillahi! Ba tozo, ba curi. Wani ruwa rawaya ke lilo ciki, da ƙyar ya wuce rabi. Na shafa gindin ƙwarya, ba ɗigo.

Nid dubi ƙanen matata, mutum da furfuratai.

"Mi kay yi da man ga?"

"Yaya, wane mai?"

"Wanda kas sha Wurno ina barci."

Bai ƙara ce min uffan ba.

Gidan surukai kakar mijin ɗiyata ta tarbe mu, nic ce mata an yi min sata. Ta leƙa ƙwarya, ta yi dariya har da tari. Ta cika wata ƙwarya da goriba har tozo, ta dinga zuba ruwa ludayi bayan ludayi, duk shina shigewa. Baki buɗe nike kallo.

"Baban mai jego, rabin abin da kas sayo iska. Mai ya narke ya cike gurbinta."

Ta aje shi gindin randa. Da safe ya daskare, amma tozo bai dawo ba.

Munka komo Gandi, ƙanen matata bisa jaki, ni a ƙasa. Ni nib ba shi jakin, bai roƙa ba. Na dai gane tozo ba cika ba ne, kuma ba a rantsuwa kan abin da rana tat taɓa. Sai da munka kai ƙofar gida yab buɗe baki.

"Yaya, toshe goran ruwan ga da kyau, kada rana ta sha a ce ni."