Shinkafata da Kullen Maigida

A zamanin Turawa, da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Madori, mijina ya shiga awon gyaɗa. Ya sayi keke, kansa ya kumbura, ya ce daga yau matarsa ta shiga kulle. Ni kuwa ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, gadon ubana, ta fara nuna, tsuntsaye sun sa mata ido. Raina ya ɓaci, na yi yaji zuwa gidanmu a Haɗeja.

Na tarar da alƙalai uku a tsakar gida. Innata, Bahaushiya ce ta gidi, ta riƙe haɓa.

"Ke 'yar nan, mata na roƙon Allah a raba su da rana, ke an raba ki kina kuka? Mijin da ya bar matarsa cikin taɓo shi ne azzalumi."

Kakata ta wajen uba Babarbariya ce, maza uku ta sallama da kanta, tana kuma faɗa da alfahari.

"Ya ba ki takardarki kawai! A wurinmu macen da ba ta iya fita daga aure ita ce abar tausayi."

Ta ukun Bafillatanar da ke kawo mana nono ce, abokiyar wasan Kaka. Ta sauke ƙwarya tana dariya.

"Tsohuwa, ku Barebari ba ku san komai ba sai tattara kaya. Mu shanu na miji, nono namu. Yarinya, shinkafar ta wa?"

Na ce tawa.

"To me ya kai ki rana? Wanda ya kulle ki ya tsare miki ita."

Da maigida ya zo biko, na durƙusa har ƙasa, na ce na karɓi kulle hannu biyu. Sai dai shinkafa tawa ce, kowace ƙwaya kuma amana ce a wuyansa. Inna ta sa mini albarka, Kaka ta yi tsaki.

Na koma na miƙe ƙafa a inuwa, wallahi na ji daɗi. Shi kuwa ya jingine keke, kullum ya wuni cikin taɓo yana kaɗa gwangwani yana ihun korar tsuntsaye, masunta na gaishe shi da aiki. Da Juma'a ta zagayo muryarsa ta dushe. Ya tsaya a ƙofar ɗakina, ƙafa duk laka, ya miƙo mini mayafina da gwangwanin.

Na ce, "Haba Malam, ni da ke kulle?"